Yumɓun Fadamar Tibiri

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi ƙarfin rayuwarsa a wani garin ma'adinai can ƙasar Abzin, inda ake haƙar yuraniyom. Direban babbar mota ne, yana kwasar duwatsun da aka fasa daga rami zuwa inda ake niƙa su. Da ya ajiye aiki sai ya dawo mana Dogon Dutsi da akwatunan ƙarfe, da tarin da ba ya barinsa, da kuma wata ɗabi'a da yara suka riƙa kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa. In aka miƙa masa ruwa a moɗa, sai ya ɗaga ya duba, ya sunsuna, sannan ya girgiza kai ya ce aikin banza yake yi, domin ruwan da ake tsoro ba shi da launi, ba shi da wari. Sai ya yi bisimilla ya sha.

'Yarsa ɗaya ce. Can aka haife ta, mahaifiyarta kuma ta rasu tana ƙarama, shi ya sa tun kafin Kawu ya dawo aka kawo ta wurin Innarmu. A gidanmu ta girma, daga nan ta shiga lakwal, wato makarantar boko. Ni ɗan mace ne, ita 'yar namiji, don haka taubasai muke. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma tun tana da wushirya a baki take kirana bawanta, ni kuwa ina ce mata buzuwa saboda inda aka yanke mata cibi. Ni na bar karatu da wuri na kama ɗinki, har yau kuma ina da shagona a bakin kasuwa. Ita ta yi ta wucewa aji bayan aji har ta tafi jami'a a Yamai, ta karanci ilimin haɗa sinadarai, wanda ita da abokanta suke kira shimi.

Wata shekara bayan an gama yankan gero, sai ga ta ta sauko daga mota da jaka a baya da wani ƙaramin kwali. Ko hutawa ba ta yi ba ta biyo ni shago. Ta zauna bisa bencin masu jiran ɗinki, ta ture tsummokaran da ke kai, ta ce in rufe shago na ɗan wani lokaci domin tana da aiki da babur ɗina da kuma mai babur ɗin. Na tambaye ta wane aiki. Ta ce yumɓu take nema, kowane iri, daga duk inda ake samunsa a ƙasar nan.

Na yi dariya har na saki almakashi. Na ce ashe duk wannan karatu ginin tukwane aka koya mata, da ta faɗa tun farko da mun kai ta wurin tsofaffin unguwa ba sai an wahalar da Kawu ba. Ba ta ji haushi ba. Ta ce bawa ba ya tambayar dalili, amma tunda ni bawa ne mai surutu za ta gaya mini.

Ta ce a inda ake haƙar ma'adini irin na can, wani lokaci ƙarfen da ake haƙowa, wato yuraniyom, yakan narke ya shiga ruwa kamar yadda gishiri yake narkewa a miya. Ba a ganinsa, kuma ko an tace da ƙyalle ba ya fita, ko an tafasa yana nan. Irin wannan ƙarfe yana fitar da wani abu kamar zafi wanda jiki ba ya ji, in ya daɗe yana shiga cikin mutum sai ya yi masa lahani a hankali. Akwai hanyoyin cire shi, amma da kayan da ake sayowa daga waje. Malaminta ya ba ta aikin bincika ko yumɓun ƙasarmu zai iya kama shi.

Ta jawo wani yadi da na ninke a kan tebur, ta ce in duba gefensa. Ta ce haka yumɓu yake in an duba shi da na'ura, falle-falle ne a jere, siraran da ido ba ya gani, kuma tsakanin falle da falle akwai 'yan gishiri-gishiri da yake riƙe da su sako-sako. In ruwa mai ɗauke da wannan ƙarfe ya ratsa shi, sai ya saki nasa ya cafke ƙarfen. Sai dai ba kowane yumɓu ne ke da wannan hali sosai ba, shi ya sa take so ta tara iri-iri ta gwada.

Na rufe shago. Matata ta ce ba ta taɓa ganin an raba ni da keken ɗinki cikin sauƙi haka ba.

Da farko muka je wajen Kiéché, wani ƙauye da matansa suka yi suna wajen gina randuna. Ramin da suke ɗibar yumɓu yana gindin wani tudu, jan ƙasa a sama, fari-fari a ƙasa. Mun iso ke nan ta ciro 'yar hauyarta, sai wata tsohuwa da ke zaune a inuwa ta ɗaga hannu ta ce mu dakata. Ta ce ramin yana da mai shi, aljana ce, doguwa, kuma baƙo ba ya sa masa ƙarfe haka kawai ba a gaishe ta ba. Ni a lokacin ina yawan zama da samarin 'yan kasuwa masu wa'azi a kan irin waɗannan abubuwa, har na buɗe baki zan yi magana. Taubashiyata ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta tambayi lafiyar jikoki da ta awaki, sannan ta miƙa mata hauyar ta ce ai ita baƙuwa ce, ba ta san inda mai kyau yake ba, ko tsohuwar za ta taimaka ta ɗebo mata da hannunta. Tsohuwar ta karɓa, ta shiga ramin, ta yi 'yan maganganunta ƙasa-ƙasa, ta cika mana leda uku daga wuri uku. Ba wanda ya yi gardama da wani. A hanyar dawowa na ce mata ta iya wayo. Ta ce ba wayo ba ne, ramin na mutane ne, kuma ita yumɓu ta zo nema.

Hanyar Sukukutane ce ta ba mu wuya. Rairayi ne tun daga inda kwalta ta ƙare, babur yana tafiya yana lilo kamar ya sha wani abu. A wani kwari tayar gaba ta nutse, muka zube gaba ɗaya, ni gefe guda, ita gefe guda. Na tashi da sauri ina tambayar ko ta ji ciwo, sai na iske ta a zaune cikin rairayi ta rungume ledojinta tana duba ko alamar da ta rubuta a jikin kowace ba ta goge ba. Gwiwarta na jini ba ta ma lura ba. Wani mai amalanken jaki ya tsaya ya taimake mu, da ya ji abin da muka ɗauko ya dube ni, ya dube ta, sai ya yi mana addu'ar samun lafiya irin wadda ake yi wa marasa lafiyar kai. Mun daɗe muna tuna wannan addu'a muna dariya.

Na ƙarshe shi ne na fadamar Tibiri. Baƙar laka ce, irin wadda in rani ya yi take tsattsagewa har ƙafar akuya ta faɗa ciki, in damina ta zo kuma ta kumbura ta riƙe takalmin mutum. Masu lambu a wurin suka ce ba ta da amfanin gini, tukunyar da aka yi da ita fashewa take tun kafin a gasa. Ni ma na raina ta. Na ce in dai wanke ruwa ake so, ai farar nan ta Kiéché ce za ta yi, ta yaya baƙin abu mai ɗoyin taɓo zai tsarkake wani abu. Ta ce to mu zuba ido.

A gida ta shanya kowane iri daban a kan buhu, ta kuma sa wa kaji ido kamar mai gadin hatsi. Da suka bushe sai ta nemi turmi. Nan suka yi 'yar taƙaddama da Inna, wadda ta ce turmin furarta ba zai ga ƙasa ba tana raye. Daga baya Inna da kanta ta je ta aro wani tsohon turmi a maƙwabta, ta ɗaura zane ta hau daka, tana yi tana faɗa cewa yarinyar nan hannunta ya yi laushi a Yamai, ba za ta iya ba. Ta tankaɗe mata shi da rariyar laushi har ya zama kamar garin kwalli.

Kawu duk wannan hidima yana kallo daga kan tabarmarsa a gindin bedi, wato dogonyaro. Na san ta gaya masa aikin da take yi, amma tun da ta faɗa bai ɗaga maganar ba. Wata ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, sai ta buɗe kwalin nan da ta zo da shi. Ƙananan kwalabe ne a ciki, da wani garin shuɗi. Ta jera kwalaben a gabansa, ta zuba ruwan randa a kowace, ta ɗiga shuɗin har ruwan ya yi kamar an wanke sabuwar shadda a ciki. Ta ce ba za ta iya kawo yuraniyom gida ba, ba a ma yarda a fita da shi daga ɗakin gwaji, amma wannan shuɗin yana manne wa yumɓu kusan yadda ƙarfen yake yi, don haka da shi ake fara gane wanda ya fi kamu. Ta zuba garin yumɓu iri ɗaya a kowace kwalba, ta girgiza, ta ajiye.

Muka zauna muna hira, Inna ta kawo fura. Zuwa la'asar ƙasar ta kwanta a gindin kwalabe. Ta Sukukutane ruwanta yana nan shuɗi kamar yadda yake. Farar da na tsaya wa ta ɗan rage, amma da saura. Ta Tibiri kuwa ruwan ya koma garau, shuɗin duk ya sauka ya shige cikin baƙar lakar.

Taubashiyata ta dube ni ta ɗaga gira, ni kuwa na ce rana ce ta kashe mini ido. Kawu ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar. Ya daɗe yana juya ta a hankali don kada ta gurɓace.

"To shi dahin, ina ya tahi?" in ji shi.

"Yana nan cikin lakar, Baba. Bai ɓace ba. An dai raba shi da ruwan."

"Ke nan lakar ta zama abin gudu."

Ta ce haka ne. Ta ce wannan shi ne rabin aikin da ya fi wuya, domin lakar da ta sha wannan ƙarfe ba a zubar da ita a bayan gida, sai an rufe ta a wurin da ruwa ba zai sake kaiwa gare ta ba, shekara da shekaru. Amma gara a tara shi a wuri guda da aka sani, da a bar shi yana yawo a cikin abin da kowa ke sha.

Kawu ya ajiye kwalbar. Sai ya fara magana a kan matarsa, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun dawowarsa. Ya ce mace ce mai son tsabta, kullum tana wanki, tana wanke kwanoni, tana yi wa jaririyarta wanka safe da yamma. Ya ce ruwan famfon unguwarsu sanyi gare shi, garau, ya fi na rijiyoyinmu daɗin sha, har takan ce in sun koma gida ruwan nan kaɗai za ta yi kewa. Daga baya ta fara ramewa, aka yi ta zuwa asibiti, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har Allah ya karɓi abinsa.

"Ban san ko ruwan ne ba," in ji shi. "Ba wanda ya ce mini shi ne. Ba wanda ya ce mini ba shi ba ne. Da wannan nike kwana, da shi nike tashi."

Inna ta ja gefen zanenta ta share ido. Taubashiyata ta matsa kusa da shi ta ce ita ma ba za ta iya ce masa ko ɗaya ba, domin ba ta auna wancan ruwan ba, kuma ciwo yana da ƙofofi da yawa. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta yi aikin da wata rana wani ba zai zauna da irin wannan tambayar ba. Kawu ya ɗora hannu a kanta kamar yadda yake yi tana ƙarama, ya ce Allah shi yi albarka. Sai aka kira salla muka tashi.

Ta koma Yamai da buhunanta. Daga nan sai waya. Wani lokaci ta kira da murna, wani lokaci muryarta a dushe. Ta ce a ɗakin gwaji da ainihin ƙarfen abin bai zo da sauƙi kamar shuɗi ba. In ruwan ya cika tsami lakar ba ta kamawa. In kuma akwai wasu gishirai da yawa a ciki, irin na ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai su yi wa ƙarfen rakiya su hana shi mannewa. Akwai lokacin da na'urar awonsu ta lalace, ta yi watanni tana jira a gyara. Ta taɓa kirana tana cewa ta gaji, za ta dawo in koya mata ɗinki. Na ce ba na ɗaukar buzaye aiki, su kan gudu da rani. Ta yi dariya, ta ce washegari za ta sake gwadawa.

Shi kuwa Kawu wani sabon aiki ya samu. Mutumin da da ƙyar yake fita ƙofar gida sai ga shi yana bin motocin kasuwa zuwa ƙauyuka. Duk inda ya ji an ce akwai wata ƙasa mai danƙo, sai ya je da ledarsa. In an haƙa sabuwar rijiya yana bakin ramin yana duba abin da ake fitowa da shi. Ya kan murza a tafin hannu, ya tofa yawu, ya ga ko tana kumbura. Ni ne mai kai saƙon tasha, in ba direba, in kira ta in ce ga wani ya taho. Daga baya ta gaya mini cewa ba ta da halin gwada ko rabinsu, sun cika mata ƙarƙashin gado har abokiyar ɗakinta tana ƙorafi. Na ce to in gaya masa ya bari. Ta ce kada in kuskura. Ta ce tun da ya fara wannan yawo muryarsa ta canza a waya, kuma Inna ta ce yana cinye tuwonsa.

Da lokacin ya yi da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, ni na ɗinka mata kayan da ta sa, na kuma ɗinka wa Kawu babbar riga fara. Muka tafi tare da shi, Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya doguwar mota ba, amma ta ba mu ƙullin dambun nama mu kai. Ɗakin da aka yi zaman a jami'a ya cika da ɗalibai. Ta yi magana da Faransanci tana nuna hotuna a bango, ni ban tsinci komai ba sai sunayen garuruwanmu. Duk lokacin da ta ambaci Tibiri sai Kawu ya taɓa ni da gwiwar hannu. Shi yana jin Faransancin wurin aiki, ya riƙa raɗa mini abin da ya kama: cewa lakar Tibiri ta janye mafi yawan ƙarfen daga ruwan gwaji, cewa in an wanke ta an gyara ta tana ƙara kamu, cewa akwai sauran aiki. Malaman suka yi mata tambayoyi masu zafi, wani mai furfura ya matsa mata a kan wani lissafi har ta amsa cewa wannan wurin ba ta gama gane shi ba tukuna. Na ji tsoro, amma ashe amsar ta yi musu. Suka fita, suka dawo, kowa ya miƙe tsaye, aka ce ta ci.

A waje ana ta ɗaukar hoto, sai na nemi Kawu na rasa. Can na hango shi ya tare malamin nan mai furfura a gindin wata bishiya. Na matsa kusa. Yana tambayarsa, cikin ladabi, yaushe za a kai wannan laka can Abzin a sa a ruwan mutane. Malamin bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce daga kwalba zuwa famfon gari tafiya ce mai nisa, sai an gwada da ruwa mai yawa, sai an san inda za a adana lakar bayan ta yi aiki, sai kuma hukuma ta sa hannu. Ya ce mai yiwuwa shi da Kawu ba za su gani ba. Kawu ya jinjina kai, ya ce ya gode da aka gaya masa gaskiya, ya ce ai yarinyar tana da sauran ƙuruciya.

Yanzu tana koyarwa a can, tana kuma ci gaba da binciken. Ta yi aure, tana da ɗa namiji wanda ya fara tafiya. Matsalar da take fama da ita a 'yan shekarun nan ita ce lakar in ta jiƙa tana toshe hanya, ruwa ba ya wucewa, don haka take neman yadda za a mulmula ta ƙanana kamar ƙwayar wake a ɗan gasa ta, ta yi tauri ba tare da ta rasa kamunta ba. Gashin farko wuta ta yi yawa, suka fito jajaye masu kyau amma ba sa kama komai. Na biyu kuma suka narke a ruwa.

Da Sallar layya da ta wuce ta zo gida da yaron. Kawu ya tsufa sosai, idonsa ya rage gani, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin unguwa. Ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin gashi na uku da za su yi, yana saurare, jikan yana hawa bayansa yana jan hularsa. Ni ina gefe ina babbaka kan rago. Da yaron ya gaji da kakansa sai ya taho wurina yana tangaɗi, ya kama mini riga. Uwar ta ce masa ya gaida kawunsa. Na ɗauke shi na ba shi 'yar tsokar hanta, ya ci ya miƙo hannu yana neman ƙari.